Baƙin da Ke Kwana a Kwalin Ƙwai

Laraba, da hantsi

An ce a rage magana a gidan nan. Ɗana ne ya faɗa, yana kallon bango, amma kowa a falon ya san bangon da ake nufi. To ni bakina tun ina yarinya bai taɓa zuwa hutu ba, shi ya sa na ɗauko ragowar littafin rubutun da surukata Malama ta yar, zan riƙa zuba surutuna a nan. Wanda ya ga rubutun kamar sawun kaza ya yi haƙuri, aji huɗu na yi aka ce ya isa.

Takwara ba ta fito ba yau ma. Jikata ce, sunana aka sa mata, don haka ubanta ba ya iya kiranta sai dai ya ce Mami. Ni Takwara nake ce mata, in ta ɓata mini rai in ce ɓarauniyar suna. Nas ce a ɗakin yara, aikin dare take yi. Ranar nan maimakon ta dawo da safe sai ta dawo da rana tsaka, ta wuce mu a falo ba sallama, ta shige ɗaki. An ce ta zauna a gida sai kwamitin asibiti ya neme ta. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Na kai mata shayi da burodi. Na dawo da shayi da burodi.

Alhamis, bayan la'asar

Ubanta ya hau saman bene ya sauko da akwatin ƙwarinta a ka kamar ɗan talla. Kafin ya sauko na ji ƙarar kwado. Sabo ya sayo, ya garƙame ƙofar hawa sama, ya jefa makullin a aljihu. Malama ta dube shi, ya dube ta. Ban tambaya ba, na san don Takwara ya rufe.

Akwatin nan sai na yi bayaninsa, don in na mutu aka karanta kada a ce tsohuwa ta ruɗe. Na katako ne. A samansa akwai ƙwan fitila mai haske fari-shuɗi, irin mai mai da haƙoran mutum kamar na aljani. A ƙarƙashin ƙwan mazurari ne, a ciki kuma kwalayen ƙwai a jingine. In dare ya yi ƙwari su biyo hasken, su zame ta mazurarin, su laɓe a ramukan kwalin har gari ya waye. Ni duk asu nake ce musu. Takwara ta ce a'a, asu mai cin kaya ɗaya ne a cikin dubbai, waɗannan 'yan uwan malam-buɗe-littafi ne, sai dai su aikin dare suke yi kamar ita. In ta dawo daga asibiti, kafin ta cire takalmi sai ta hau sama ta sauko mini da kwalayen kicin. Ta sa kowane a 'yar roba mai murfi, ta jera su a firij kusa da madarata don sanyi ya kwantar da su, ta ɗauke su hoto, sannan ta buɗe wani ƙaton littafi ta nemo sunayensu. Sunaye kamar na allura. Sau nawa nake ce mata, "Sa'anninki na tara samari, ke kina tara ƙwaro." Sai ta ce, "Nawa ba sa ƙarya, Kaka, kuma da safe a gida ake samunsu."

Ya nufi sito da akwatin, na tare hanya.

"Ajiye mini a baranda."

"Inna, me za ki yi da shi?"

"Miya."

"Don Allah, Inna. Ba lokacin wasa ba ne."

"Ka ga haƙorana a waje?"

Ya ajiye. Barandar tamu tsukuku ce, bokiti biyu da kujera sun cika ta. Amma tagar Takwara a kanta take buɗewa. Ba don iska na zaɓi wurin ba.

Juma'a, da safe

Malama ce ta jona mini wutar jiya da magariba. Ba ta ce komai ba sai, "Inna, kada dai ki taɓa da jiƙaƙƙen hannu." Yarinyar nan ta rame, zobenta har juyawa yake a yatsa.

Bayan asuba na kashe fitilar na ɗaga murfi. Baƙi sun zo, ba yawa. Ɗaya launin tsohon buhu, ɗaya fari da ɗigon baƙi kamar tsuntsu ya yi kashi a ganye, ɗaya kuma da na rantse karyayyen tsinke ne sai da na ga ya taka. Na sa su a robobi, na kai firij, na sha shayi, na fito da su yadda na ga ana yi. Hoton ne aiki. Hannuna rawa yake, wayata kuma tare muka tsufa. Na farko babban yatsana na ɗauka. Na biyu silifas.

Ga dabarata, na rubuta don in ta ci a san mai ita. Takwara ba ta iya jin an kira ƙwaro da sunan da ba nasa ba ta yi shiru. Ta taɓa barin abinci ya huce tana gardama da wani a waya a kan ɗigo guda a fiffike. To na tura mata hoton mai kama da tsinken, na danna na yi magana: "Takwara, ga baƙo. Na duba littafinki, sunansa Kawu Sanda." Na san ƙarya nake, ita ma ta sani. Jira nake ta fito ta ce, Kaka, ba haka ba ne.

Da na gama na karkaɗe su a kan ƙarfen baranda, na ce su gaida gida, na koma wanke kofuna.

Asabar, da azahar

Saƙon ya shiga. Ba a buɗe ba.

Lahadi, da yamma

Yau magungunana sun yi ƙaura daga kan firij zuwa ɗakin ɗana. Ya ce shi zai riƙa ba ni safe da yamma, wai kada in manta. Ni da na yaye shi. Na nemi ƙaramar wuƙata ta yanka albasa ban gani ba, Malama ta ce ita za ta riƙa yankawa. Makullin ɗakin Takwara ma an zare shi tuntuni, ƙofar a sake take, kowa na iya shiga.

Shigar ba ta da amfani. Tana kwance ta ba duniya baya, fuskarta a bango, labule a sauke. Na zauna a bakin gado na ce, "Matsa, mai gidan ta zo." Ba ta matsa ba. Na ce ɗakin nan na warin mutum. Na ce gashinta ya zama sheƙar tsuntsu, in ta ƙara kwana biyu zan saka haya. Shiru. Da can wannan maganar ta isa ta jefe ni da matashi.

Kyamararta na kan tebur, ƙura ta fara hawa.

Talata, da hantsi

An buɗe! Alamomin nan biyu sun yi shuɗi, na nuna wa Malama ta tabbatar mini. Duka saƙonnin ta saurara. Amsa dai babu, amma wanda ya buɗe saƙo ai ya ɗaga hannu, wanda ya ɗaga hannu kuma da sauransa.

Na ƙara wuta. Yau na tura mata Hajiya Mai Hoda, wata fara sol mai gashi a wuya kamar ta yafa bargo, na taɓa ta kaɗan hodar ta biyo yatsana. Na tura Ɗan Sanda, mai ratsi a kafaɗa. Na tura wani mai gashin kai kamar mataji biyu, na ce wannan Kakanki ne marigayi ya dawo duba ko na yi aure. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, layin ne ya yi tsawo ban gama zaɓe ba.

Ina dariya ni kaɗai a baranda. Labulenta bai motsa ba.

Laraba, da la'asar

Abokiyar aikinta ta zo, wadda muke ce wa Doguwa, mai sunkuyawa a ƙofar kicin. Ta shiga ɗakin ta jima, muna jin muryarta ita kaɗai. Ta fito ido ja, na ba ta ruwa.

"Kaka, wallahi a daren nan mu biyu ne kacal a ɗakin gaba ɗaya. Gado ko'ina, har a ƙasa. Kuma kwalaben maganin nan biyu in kika gan su, kamarsu ɗaya..."

Na ce, "Sha ruwanki."

"Ko ni ce na miƙa hannu..."

"Sha ruwanki, 'yar nan."

Ta sha. Ta faɗi wata magana game da wata uwa da ɗanta ya rasu a daren, ta koma karɓar kayansa a leda. Ba zan rubuta ba.

Da za ta tafi ta leƙa firij za ta mai da gorar ruwa, ta yi ido biyu da Ɗan Sanda na biyu a robarsa, ta yi tsalle har kanta ya daki kabad. Ban yi niyyar dariya ba, ta zo da kanta. Ita ma ta yi, sannan ta koma kuka.

Alhamis, da safe

Ruwa aka kwana yi. Ba kowa a akwatin sai sauro da wani jiƙaƙƙen kwali.

Juma'a, da hantsi

Barandata ta yi farin jini. Ƙananan tsuntsayen nan masu surutu sun fara zuwa mini gaisuwar safe, su jeru a kan wayar wuta suna leƙena tun kafin in kashe fitila. Jiya kaɗan ne, yau sun gayyato dangi. Na ce musu ku yi haƙuri, ba ni da hatsi, ni ma ciyar da ni ake. Tsohuwa ta ce gidan da tsuntsu ke sauka alheri na tafe. Ni ce tsohuwar, yanzu na ƙirƙira, amma na ji daɗinta.

An ci gefen burodin da na kai wa Takwara jiya. Malama ta ce ƙila ɓera ne. Na ce ɓeran gidan nan ba ya cire ɓawo ya ajiye a gefen faranti.

Asabar, bayan azahar

Na shiga ɗakin Takwara na ce yau tatsuniya za ta sha ko ta so ko ta ƙi, kamar lokacin da take yin fitsarin kwance a gadona. Na fara ta maƙerin da ya ƙera wa iska takalmi. Na yi nisa sai na tuna a tsakiya akwai yaron da ke zazzaɓi. Na yi tari na canza. Na ɗauko ta mace mai tukunya bakwai, ita ma da yaro a ciki. Na uku ma haka. Shekara da shekaru ina ba da labaran nan ban taɓa lura duk da yara a cikinsu ba.

Na ɗora hannu a ƙafarta ta saman bargo. Ƙafar kamar itace. Ba ta janye ba.

Lahadi

Ba komai.

Litinin, da yamma

An kira ubanta a waya. Kwamiti zai zauna Litinin mai zuwa, kuma sai ta je da ƙafarta ta yi bayani da bakinta. Ya tsaya a ƙofarta ya faɗa mata, da muryar da yake yi wa manyansa a ofis magana. Ya jira. Ya ce, "Mami, kin ji?" Ya jira. Ya dawo kicin ya buɗe famfo ba tare da ya wanke komai ba.

Suka hau gardama da Malama ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi ihu shiga kunne. Shi ya ce a ɗauke ta a kai ta wurin likita ko da ɗauka ne. Ita ta ce likitan ya zo har gida an yi masa shiru, in aka ja ta da ƙarfi abin da ya rage ma zai tsinke. Suka juyo gare ni wai in raba.

Ni da ake kira sulhu tun daga ƙarshen titi. Na ce ban sani ba. Ɗana ya kalle ni kamar na yi wani yare.

Talata, da sassafe

Yau babban baƙo ya sauka. Na ɗaga kwalin ƙarshe sai ga shi ya cika rami biyu, kore shar da zane-zane kamar an yi masa ɗinki, jikinsa kauri kamar babban yatsana, fukafukan a miƙe baya irin na jirgin sama. Robobin duk sun yi masa kaɗan, sai kwalbar zuma na wanke. Wannan ba na hoto ba ne.

Da ya sha sanyi na kai shi ɗakin. Ban yi wasa ba, ban ba shi suna ba. Na ɗaga labule kaɗan, na zagaya ta wajen bango, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, na ajiye shi a kan matashi daidai hancinta.

Idonta a buɗe yake. Ashe kullum a buɗe yake.

Ta kalle shi. Ya ɗan jima kamar matacce, sai ya fara kaɗa fukafukai, 'yar rawa da sauri kamar mai jin ɗari. Ta taɓa faɗa mini haka suke ɗumama jiki kafin su tashi. Na ga hannunta ya fito daga bargo, ya taho, ya taho, saura kaɗan. Sai ya tsaya. Ta kalli hannun kamar na wani ne. Ta mai da shi ciki.

Na kife kwalbar na fita da shi. Na sake shi a kan ƙarfen baranda inda nake sakin sauran. Ya zauna a rana yana ta rawarsa. Na shiga ciki don kada Malama ta ga fuskata.

Laraba, da hantsi

Na ja bokitin baranda zan share bayansa.

Fukafukai. Tuli guda, iska ta tara su a lungu kamar ɓawon gyaɗa. Farare, masu ratsi, masu launin buhu. Babu jiki ko ɗaya, fukafukai kawai, an cire su tsaf. A sama kore guda biyu.

Na ɗaga kai. Tsuntsayen suna nan a kan wayar wuta, a jere, suna jira.

Laraba, da la'asar

Ban ci abincin rana ba. Malama ta ɗauka hawan jini ne.

Tun ranar farko ke nan. Ni ke kunna musu fitila, ni ke ba su masauki, ni ke sanyaya musu jiki har su kasa tashi, sannan in jera su a kan ƙarfe da rana tsaka in juya baya. Har da cewa su gaida gida. Ban taɓa ganin yadda take sakinsu ba, a sama take yi, gwiwoyina kuma sun daɗe da sallama da matakalar hawa sama. Na ga farkon aikin, na ga tsakiyarsa, na ɗauka ƙarshen ba komai ba ne.

Ƙwaro ne. Na faɗa wa kaina ya fi sau goma. Na kashe sauro ya fi gashin kaina.

Alhamis, da safe

Ban kunna fitila jiya ba. Tsuntsayen sun zo sun jeru, na jefe su da silifas, ya faɗa titi. Mai shagon ƙasa ya aiko mini da shi.

Na kwashe fukafukan a murfin kwali na shiga wurinta. Na zauna a ƙasa na jingina da gado, don ba zan iya kallonta ba.

Na ce, "Takwara, na yi miki ɓarna. Baƙinki duk na ba tsuntsaye. Har babban nan. Ban sani ba."

Ban sa ran komai ba. Ina shirin dafa gado in tashi sai na ji murya a bayana, a dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Da magariba ake saki. Cikin ganye."

Na ƙame. Na ji tsoron in juya ta koma.

"Kuma ba wuri ɗaya kullum ba. Suna ganewa."

Na ce, "To."

"Ina gani ta gefen labule. Kullum."

Nan kam na juya. Na ce, "Kina gani? Kina gani kika bar ni, ɓarauniyar suna? Baki ne ba ki da shi?"

Leɓenta duk ya tsage.

"Ni ce zan gyara wa wani, Kaka?"

Ina da amsa ga mai kifi, ina da amsa ga direban bas, na taɓa sa alƙalin unguwa ya manta abin da ya zo faɗa. Abin da ya fito kawai shi ne, "To ni dai yau zan kunna. In kin ga dama ki bar ni in ƙara."

Ban faɗa wa iyayenta ta yi magana ba. Za su ruga su cika ɗakin.

Juma'a, bayan isha

Baƙin jiya sun wuni a inuwa cikin robobinsu, na rufe su da tawul. Da rana ta faɗi na zuba su a leda, na ɗauki sandata, na tsaya a ƙofarta na ce da ƙarfi, "Zan sauka in sake su. Ban san ganyen da ake nufi ba, na ga dai akwai wata bishiya a bakin titi inda motoci ke wucewa."

Na kai rabin matakala sai na ji silifas a bayana. Ban waiwaya ba. Malama na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, na yi mata ido, ta koma ciki da baya kamar ta ga zaki.

Takwara ta wuce ni ta karɓi ledar. Rigar barci ce a jikinta da mayafin uwarta, tana dafa bango. Ba bakin titi ta yi ba, ta zagaya bayan ginin, wajen tankin ruwa, inda wasu ciyayi suka yi duhu a gindin katanga. Shekaruna a gidan nan ban san da wurin ba. Ta tsuguna, ta buɗe roba, ta kara bakinta a ƙarƙashin ganye ta ɗan ƙwanƙwasa. Ya taka ya shige. Ta miƙo mini robar, na miƙa mata wata.

A ta uku ta ce, "Wannan ba Ɗan Sanda ba ne." Ta faɗi sunan, mai tsawo kamar layin asibiti.

Na ce, "Nawa ya fi daɗi."

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe ta huɗu. Ba ta kara ta a ganye ba, ta riƙe kawai.

"Yaron nan, takalminsa mai fitila ne, Kaka. Irin wanda in an taka yake kawo wuta. Ya ƙi yarda a cire masa, sai da na ce zan ajiye a ƙarƙashin gado inda zai riƙa gani. Da safe da ake tura gadon sai wani ya taka."

Ƙwaron ya hau bakin robar ya tashi da kansa.

Na tsaya da robobi a hannu. Ban ce ƙaddara ba, ban ce haƙuri ba, duk an faɗa mata ta bango. Sauro na cin ƙafafunmu. Muka tsaya har duhu ya rufe ciyayin, sannan ta ce gwiwata za ta yi sanyi, mu hau.

Ta koma ɗaki. Amma ta sha rabin kofin shayi a tsaye kafin ta shiga.

Asabar, da azahar

Ta koma bango. Na yi magana, shiru. Na ɗauka an wuce nan.

Da magariba ta fito, mun sauka, mun hau. Kalma uku ta faɗa, duk a kan ƙwaro.

Lahadi, da yamma

Ubanta ya goge mata kayan aikinta da kansa, ya rataye a ƙofa. Ya ƙona hannun riga kaɗan. Ba wanda ya san ko za ta sa. Malama ta yi ta shiga kicin tana fita ba abin da ta ɗauko.

Da za a kunna fitila Takwara ta fito baranda. Ta zare kwalayen da ruwa ya lalata, ta sa sababbi, ta jingina su a karkace, ta ce a miƙe nake sa su shi ya sa ba sa samun wurin ɓuya. Ta goge mazurarin da gefen mayafi. Ubanta na falo yana riƙe da jarida a gabansa, idonsa na kan bayanta, ƙafarsa ɗaya a shirye. Barandarmu hawa na uku ce. Na ja kujerata na zauna a jikin ƙarfen, na ce nan iska ta fi.

Na tambaye ta gobe fa. Ta ce ba ta sani ba.

Litinin, da azahar

Ta sa. Rigar ta yi mata yawa kamar ta aro. Ba ta ci komai ba, ta dai riƙe kofin har ya huce. Doguwa ta zo rakiya, uban Takwara ya sauka tun da wuri yana ta tayar da mota yana kashewa.

Na riga na kashe fitila na toshe mazurarin da tsumma, ina shirin ɗaga murfi, ta leƙo baranda da jaka a kafaɗa.

"Akwai da yawa?"

"Ina jin motsi. Ban duba ba."

Ta kalli akwatin, ta kalli tsuntsayen a kan waya. Aka yi mata hon daga ƙasa.

"Ki ja shi inuwa. Kada ki buɗe sai na dawo."

Na ce, "Sai kin me?"

"Kin ji ni, Kaka."

Na ji ta. Na so ne ta maimaita.

Ban san abin da za su tambaye ta ba, ban san abin da za su yanke ba, ban san da wace fuska za ta hawo matakalar nan ba. Malama ta kira uban Takwara, wayarsa a kashe. Na ja akwatin bayan ƙofa, na rufe shi da zanin gado, rana ta biyo shi na sake ja. Ga ni zaune a gefensa da sandata a cinya. Wani a ciki sai buga katako yake, da ji babba ne, hannuna har ƙaiƙayi yake.

Ban buɗe ba.